Ango na Goma Sha Bakwai

Tun da aka kawo sabuwar tawadar zaɓe, babban yatsa ya daina rufa wa mai shi asiri. Da zarar an faɗi sakamako, yatsan wanda ya zaɓi mai nasara sai ya koma kore, na sauran kuwa ya yi baƙi.

Da ƙuri'a tara kacal aka ci kujerar majalisar tarayya a mazaɓarsu, yatsan Tanimu tela kuwa ya wayi gari baƙi ƙirin. Tun da hantsi mutanen sabon ɗan majalisa ke zagaya gari a mota suna gaisawa da jama'a, kuma duk wanda suka ɗauka bai dawo ba.

Tanimu ya bi ta lungu zuwa gidan Inna Kande mai lalle, hannu a aljihu. Ya tarar da zauren cike da magidanta, kowa na kallon ƙasa.

"Inna, a taimaka mini."

"Kawo hannun, ɗana. In an tambaye ka, ka ce aure za ka yi."

Da la'asar ya fito, lalle ya kama jawur. A bakin kasuwa wani ya sauko daga mota, ya yi masa sallama, ya miƙo hannu. Ba a ƙin hannun mai sallama, don haka Tanimu ya ba shi nasa.

Mutumin ya juya hannun ya duba, bai saki ba.

"Masha Allah, kai ne ango na goma sha bakwai yau." Ya buɗe ƙofar motar. "Shigo, Malam. Ango ba ya tafiya a ƙasa."