Burodin Baƙon Tsibiri

Ba zan rantse da shekarar ba, amma Turawa na mulki, kuma bayan la'asar ne a Gafasa. Masu allurar shanu sun sauka gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. A cikinsu akwai wani baƙin mutum kamarmu wanda ba ya jin Hausa. Tafintansu ya ce daga wani tsibiri yake, can bayan teku.

Mutumin ya tsaga burodi, ya cusa soyayyen kifi mai gishiri da barkono a tsakiya, ya miƙo mini. Har yau ina jin ƙarnin kifin nan. Kakata, Babarbariya mai zane a fuska, ta riƙe hannuna.

"Kada ka ci. Ba mu san me ke ciki ba."

"Kifi ne, Iya, abincin garinsu," in ji tafinta. "Wai kakar kakarsa tana da zane irin naki. Daga ƙasar nan aka sayar da ita."

Kaka ta daɗe tana kallon baƙon. "Tambaye shi sunan garinta."

Tafinta ya tambaya. Baƙon ya girgiza kai.

"Sunanta fa?"

Ya sake girgiza kai, ya sunkuya.

Na yi karatu daga baya, na duba taswira. Tsibiran suna da yawa, ina tsoron in ambaci wanda ba shi ba. Abin da na tabbatar kawai, Kaka ta saki hannuna a ranar, ta ce:

"Ci, ɗan nan. Wataƙila na gida ne."