Billen Usaina

Tun da famfon gari ya koma duban fuska kafin ya ba da ruwa, rabon mutum ɗaya tagwayen Talatu suke sha, domin Hassu kaɗai famfon ya sani. Da aka yi shela cewa duk fuskar da ta zo biyu za a tafi da ɗaya, Talatu ta ja su sai gidan Jatau wanzami, tsohon da yunwa da annoba suka gaji suka bari.

"Ni na tsaga rabin garin nan, 'yata," in ji shi, yana wasa aska. "Bille ɗaya, ta zama mutum. Wacece Usaina?"

"Ni ce Hassu," suka amsa tare, yadda aka horar da su.

Talatu ta dubi wannan, ta dubi waccan, ita ma ta kasa bambanta su.