Guɗar Tabawa

Tun da aka kafa dokar nan, duk abin da bai shiga Kundin Sani na intanet ba kafin magariba, sai a wayi gari an share shi daga wayar kowa. Shi ya sa Barau tela ya rufe kekensa tun hantsi, ya tara 'yan sa-kai masu gyaran Kundin a rumfarsa. Jiya da dare aka yi gasar waƙa, Tabawa mai kiɗan ƙwarya ta cinye, amma na'urar tantancewa ta ƙi karɓar sunanta.

"Kawu, ta sake gogewa," in ji Uwani, 'yar ƙanwarsa. "Wai babu hujja, ba ta ji tafi ba."

"Tafi? Wa ke wa Tabawa tafi? Guɗa aka yi mata har kunnena ya toshe!"

"Ai guɗar ce na'urar ta rubuta a matsayin jiniyar gobara."

Barau ya dubi inuwa tana miƙewa. Can ya ce, "Rahoton 'yan kwana-kwana fa, tana karɓa?"

"Shi kam nan take."

Aka bi gida-gida aka kira mata. Tabawa ta kifa ƙwarya ta ɗauko waƙar jiya, mata suka toshe hanci suka rangaɗa guɗa. Na'urar ta sake ɗauka jiniyar gobara ce, ba a jima ba sai ga jar motar 'yan kwana-kwana ta shawo kwana.

Barau ya gyara hula ya tare su. "Sannunku da zuwa, samari. Wuta dai babu. Ku rubuta abin da kuka tarar, kuma ku sa sunan Tabawa daidai."