Gwajin Bokiti

"Baba, buga bokitin," in ji shugabar aikin.

Ban buga ba. Barewa goma sha ɗaya na kiwo a bakin fadama, wata uku da sakin su a dajin da ake son ya sake cika da namun daji. Shekara biyu ina ciyar da su a keji, ni na koya musu cewa ƙarar bokiti abinci ce. Masanan aikin sun rubuta littafi guda kan barewa, ba wanda ya tuna maharbi ma yana da bokiti. Biyu sun riga sun faɗa hannun maharba a haka.

Sai aka sa ni warware abin da na ƙulla: sati shida in buga, in sun zo in kore su da jifa. Yau gwaji. Ko ɗaya ta taho, duka za su koma keji.

"Hannun ne ya tsufa, Baba?" direba ya ce. "Kawo in taya ka."

"Kai dai ji da sitiyarinka."

Na buga. Babbar, wadda na shayar da ita da kwalba, ta ɗaga kai. Ta yi taku biyu wajena, ta tsaya tana kallona. Sannan ta juya da gudu, garken ya bi ta.

Aka kaure da tafi. Ni ma na tafa, kada a ce tsoho na baƙin ciki. Tun da na binne matata, barewar nan kaɗai ta rage mai zuwa idan na kira.