Jif ɗin Auta Ta Ƙi Ja

Bakanike ya take totur, tsohuwar jif ɗin ta yi gurnani amma ta ƙi zabura. Allurar gudu ta hau arba'in tana jan ƙafa, ta lallaɓa ta kai hamsin, sai ta tsaya kamar an riƙo motar ta baya. Ya san babu kowa a kujerar baya, amma sau uku yana duba madubi kafin ya koma gareji.

Motar ɗansa ce, Auta. Wata goma sha huɗu da suka wuce, Auta ya fito zai wuce wata tirela a siririn titi, babbar mota ta taho ta gaba, ya kauce ya faɗa kwazazzabo. Direban tirelar ya zo ta'aziyya, ya ce, "Wallahi Baba, na gan shi a gefena, har rage masa gudu na yi. Motar ce ta ƙi tafiya."

Kwana uku kafin hatsarin, Bakanike da hannunsa ya yi mata sabis.

Maganar direban ta zauna masa a ƙirji ta ƙi sauka. Shekara talatin yana gyara motocin mutane, a ce ta ɗan cikinsa ya yi wa sakaci? Ya jawo motar zuwa garejinsa da ke manne da gida, ya buge jikinta, ya sa gilasai, amma bai taɓa injin ba. So yake ya same shi yadda yake a ranar, ya ji ko shi ne ya kashe ɗansa.

Matarsa ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, ko da kallo. Roƙonta ɗaya ne: "Baban Auta, don Allah ka sayar wa masu tsohon ƙarfe, ka huta." A da ita ke kawo masa abincin rana, ta zauna a benci tana tsokanarsa wai ta ji hirar mota har ta isa buɗe nata garejin. Tun da jif ɗin ta dawo, a bakin ƙofa take ajiye kwanon ta juya.

Ya fara da abin da kowane bakanike ke farawa da shi. Ya kwance fulogai, tsaf suke. Ya hura matatar mai, iska ta wuce. Famfon mai yana turawa yadda ya kamata. Ya yi zargin salansar hayaƙi ce ta toshe, ya cire ta ya zaga unguwa da rugugin da ya fito da maƙwabta, motar ba ta canja ba. Ya ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ko birki ne ke riƙewa, kowace ta juya salin alin. Man giya ja ne, babu ƙauri.

Maƙwabcinsa mai walda ya leƙo ya girgiza kai. "Oga, motar da aka mutu a cikinta ba a yi mata dole." Bakanike ya yi dariya, ya ce shi da ƙarfe yake aiki, ba da aljanu ba. Amma ƙamshin turaren Auta bai bar kujerun ba, kuma in ya zauna a ciki tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Ran nan da hantsi, yana tuƙi, sai ya lura da abin da kunnensa bai ji ba. Irin wannan mota mai canja giya da kanta, in ka danna totur har ƙasa, takan sauko da giya ɗaya ta yi tsalle gaba. Da wannan tsallen ake wuce tirela. Tun da ya tayar da ita, ko sau ɗaya ba ta yi ba.

Ya buɗe bonet ya ja wayar totur da hannu, injin ya yi ruri lafiya lau. Ya tokare totur da sanda iyakar inda yake tsayawa, ya zagayo ya duba: rabi kawai bakin da iska ke shiga injin ya buɗe. Ashe ciwon ba a injin yake ba, yana ƙarƙashin ƙafar direba.

Ya durƙusa ya yaye shimfiɗar roba, ya ɗaga kafet. Guntun katako ne kamar sandar sabulu, an naɗe shi a ƙyalle don kada ya yi ƙara, an manne shi daidai inda totur zai sauka.

Ya cire shi ya hau titi, ya take. Jif ɗin ta sauko da giya ta zabura har bayansa ya manne da kujera. Ya gangara gefe ya kifa kai a sitiyari, ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwar. Ba shi ba ne. Daga bayan kukan kuma fushi ya taso, ya shiga lissafa waɗanda suka taɓa saɓawa da Auta.

Ya faɗa gida da katakon a hannu, ko takalmi bai cire ba. Matarsa tana tsakar gida tana ninke wanki.

"Maman Auta, ba sakacina ba ne! Duba abin da na samu a ƙarƙashin totur. Wani ne ya kashe mana ɗa, kuma wallahi sai na nemo shi."

Ba ta dubi katakon ba. Ta gama ninke rigar da ke hannunta, ta rungume ta a ƙirji, ta zauna a ƙasa.

"Gudu yake yi da yawa, Baban Auta, na yi magana har na gaji," ta ce. "Ni na sa katakon, don ya dawo mini lafiya."