Tukwanen Garatu

"Iya, ki koma bayan shinge, babban baƙonmu Di'o ya iso," in ji shugaban kwamitin bikin al'adu, yana toshe hanci.

Iya, mahaifiyata, ita ce ta gina tukwane shida da za a nuna a bikin. Tun daga Garatu ta kawo su Minna a kafaɗa, sawu uku, domin a wurinmu Gwari kai ba ya ɗaukar kaya.

Aka buga ganga. Mai shela ya ce, "Ga al'adar Gwari zalla!" Sai ga 'ya'yan 'yan kwamiti sun shigo fili, sun sha hoda, suna yauƙi. Di'o ya yi ta tafi.

Iya ta leƙa ta shinge, ta tofar da yawu.

Tukwanenta duka suna bisa kawunan 'yan matan, har da gammo.