Gawayin Ƙirya na Maƙeri Barmo

Wa ya fi haƙƙi a kan gutsuren gawayi, mamacin da ya bar shi ko jikan da ba a haifa ba? Har yau mai ba da labarin nan bai samu amsa ba.

Tun da itatuwa suka ƙare, doka ta ce ba za a dasa wa gari bishiya ba sai wadda tsohon gawayinsa ya shaida ta taɓa tsirowa a wurin. A duk garin, Barmo maƙeri kaɗai ke da gutsure ɗaya, ragowar maƙerar mahaifinsa. Sau uku yana hana Tasalla, ma'aikaciyar dashe, domin sai an niƙe gawayi injinsu ke gane irin bishiyar da aka yi shi da ita.

Ranar Laraba ta sake zuwa.

"Baba, ko gani ka bari in yi."

Barmo ya kwance tsumma, ya ƙwanƙwasa gawayin a kan uwar maƙera. Ya yi ƙara kamar ƙarfe.

"Kin ji? Ƙirya ce! Injinku ya iya wannan?"

Tasalla ta ƙyalƙyale da dariya. "Injinmu kurma ne, Baba. Amma inuwar ƙiryar nan, ita ma kashe ta ake yi da yamma, kamar inuwar lantarkin da ake kunnawa a kasuwa?"

Barmo ya dube ta. Ta haura shekara talatin ba ta taɓa ganin bishiya ba, kuma da gaske take tambaya.

"Ba a kashe ta, 'yar nan. Miƙewa take yi, har ta taɓa katangar maƙwabci."

Ya kama hannunta, ya ɗora gawayin a tafinta.

"Ki ce su fara dasawa daga ƙofar gidana."